Yadda ake saita fok ɗin keken hawan dutse bayan an canza masa tsawon tafiya

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini daga abokan hawa, kowa da yadda yake faɗinta. Wani ya ƙara wa fok ɗinsa, wato ƙafafun gaba masu nitsewa da ke riƙe taya, tafiya daga milimita 140 zuwa 150, ya zuba iskar da ya saba zubawa, gaban keken ya koma kamar taɓarya. Wani rage tafiyar ya yi, yanzu ko ɗan tsalle ya yi sai ya ji fok ya bugi ƙarshe, ƙwas. Na uku cewa ya yi tayar gaba ta fara zame masa a kwanar da ya shekara yana shiga ba fargaba. Duk ciwon ɗaya ne. An canza shaf ɗin iska, wato siririn ƙarfen cikin fok da ke ƙayyade tsawon tafiyarsa, an bar sauran saiti yadda yake. Ranar da ka canza tafiya, tsofaffin lambobinka sun tashi aiki, na iska da na maɓallai duka, sai an sake bi daga farko, kuma bi da bi.

Bayanin na fok mai iska ne, irin su RockShox Pike, Lyrik, Yari da ZEB, ko Fox 34, 36 da 38. Idan naka mai sifirin ne na ƙarfe, irin Suntour XCT da XCM da ke zuwa a kekunan gwanjo da yawa, mataki na 1 da na 2 ne kawai za su amfane ka. Na kuma ɗauka an riga an sa sabon shaf an rufe fok ɗin.

Don mu fahimci juna: tafiya ita ce tsawon da fok ke iya nitsewa daga miƙewarsa zuwa ƙarshe. Sanduna su ne ƙarafan nan biyu masu sheƙi na sama, kube kuma ƙafafun ƙasa da sandunan ke shiga. Kafaɗa ita ce ƙarfen da ya haɗa sandunan a ƙarƙashin wuyan keke. Sag kuwa shi ne yawan nitsewar fok idan ka hau kawai, ba ka taka komai ba.

Kayan aiki da kuɗinsu

Famfon shok ne na farko, kuma ba shi da madadi. Ɗan ƙaramin famfo ne mai agogo, yana kaiwa psi 300 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne), yana da maɓallin rage iska kaɗan-kaɗan. Famfon taya ba zai yi ba, injin mai faci kuwa kada ma ya zo maka a rai, don ɗakin iskar fok ƙarami ne, bambancin psi 2 ana jinsa a hannu, kuma rabin iskar zai gudu wajen cire bakin tiyo. A shagunan waje yana kamawa daga dala 30 zuwa 50, mai lambobin dijital ya fi haka. Ka riƙe famfo ɗaya, domin agogon famfo biyu ba safai suke faɗin abu ɗaya ba.

Sai rular ƙarfe mai milimita, alanki daga lamba 2 zuwa 8, da sufana mai auna ƙarfin ɗauri in za ka samu aro. Kana buƙatar tokin, wato gutsattsarin robar da ake maƙalawa a murfin ɗakin iska don a rage faɗinsa. Fakitinsu bai cika wuce dala 25 ba, kuma na kowane samfuri daban ne, na Fox 34 ba ya shiga 36. Abin buɗe murfin ma ya danganta: yawancin Fox 36 soket mai milimita 32 suke so, Fox 34 mai 26, tsofaffin RockShox mai 24, sababbinsu kuma makullin da ake kwance kaset ɗin giyar baya da shi. Soket ɗin ya zama mai shafaffen baki. Murfin alminiyam ne mai gajeren kai, soket na kanikawan mota mai gangaren baki zai zame ya cinye masa kusurwoyi.

Na ƙarshe, ɗan littafi da biro, da aboki ɗaya mai haƙuri da zai riƙe maka keke.

Mataki na 1: Duba aikin da aka yi kafin ka hau

Da iska a ciki, ɗaga gaban keken tayar ta bar ƙasa, ka auna sandar da ke waje, daga bakin robar share ƙura zuwa ƙasan kafaɗa. Idan shaf na 150 aka sa, ya kamata ka ga 150 ko sama da haka da 'yan milimita. In ka ga 138 ko 140, akwai magana. Ko dai shaf ɗin ba na 150 ba ne, ko kuma fok ɗin ya tsotse kansa.

Wannan tsotsewar ta taɓa cinye mini yini guda. A sandar hagu ɗakunan iska biyu ne, ɗaya a saman fistin mai tura fok ya miƙe, ɗaya a ƙasansa mai taimaka masa ya fara nitsewa cikin laushi. Bawul ɗaya ke cika su duka, ta wani ɗan lotsi a jikin sandar daga ciki, bai fi ƙwayar dawa ba, inda iska ke ratsawa duk sanda fistin ya zo wucewa. Ni da hannuna na lafta wa fistin giris kamar ina shafa wa biredi bota, a zatona alheri nake yi masa. Giris ya toshe lotsin, iskar ƙasa ta maƙale, fok ya zauna a 139 ya ƙi miƙewa. Maganin farko shi ne aboki ya danne tayar a ƙasa, kai ka fizgi kan keken sama da ƙarfi sau biyu ko uku, har ka ji ɗan tsss daga ciki. In ya ƙi, sai an sake buɗewa an share giris ɗin. Nawa sai da aka buɗe.

Daga nan sauke iskar duka, a hankali, kana danna bawul kaɗan kana motsa fok ɗin. In ka sake ta a bugu ɗaya, ta ɗakin ƙasa za ta rage a ciki ta janye fok ɗin. Idan ta ƙare, danna kan keken da nauyinka har fok ya kai ƙarshe, ka duba abu biyu. Na ɗaya, tazarar saman taya da ƙasan kafaɗa. RockShox na neman aƙalla milimita 6, Fox 8.5, kuma in ka sa madigadi, da shi za a auna. Na biyu, inda zoben roban jikin sandar ya tsaya. A wani fok yana taɓa kafaɗa, a wani yana barin milimita 5 ko fiye. Rubuta lambar, ita ce ainihin ƙarshen tafiyarka, da ita za ka yi hukunci a mataki na 6.

Sai tiyon birkin gaba. Fok a miƙe, juya kan keken dama da hagu har ƙarshe. In tiyon ya ɗame kamar tsirkiya, a sa mai tsawo kafin a hau.

Hattara: kowane firam yana da iyakar tafiyar fok da kamfaninsa ya yarda da ita. Kamfanoni da yawa suna yarda da ƙarin milimita 10, amma ka duba na kekenka, kada ka yi kirdado. In ka wuce, garanti ya faɗi, kuma dogon fok yana ƙara wa wuyan firam wahala a kowane duka. Shi ma fok ɗin yana da tasa iyakar. A zubin RockShox na 2023, Pike daga 120 ne zuwa 140, Lyrik 140 zuwa 160, ZEB 150 zuwa 190, kuma shaf ɗin wannan zubi ba ya shiga na baya.

Mataki na 2: Kan keke da sirdi

Ƙarin milimita 10 a fok yana kwantar da kusurwar wuyan keke da kusan rabin digiri, ya ɗaga gindin feda da milimita 3 zuwa 4, ya ɗaga kan keken, ya kuma jawo shi kusa da kai da milimita 4 ko 5. A takarda ba komai ba ne. A kan hanya kuwa nauyinka ne ya koma baya, tayar gaba ta rasa mai danne ta, sai ta zame a kwana mai tsakuwa, a hawan tudu kuma ta riƙa ɗagawa tana yawo. A nan mutane da yawa suke ɗora wa fok laifi, su yi ta murɗa maɓallai har su ɓata wanda ke daidai, alhali zobe ɗaya ne a ƙarƙashin wuyan da ke riƙe kan keke ya kamata ya tashi.

Kwance notin murfin saman wuya, ka sassauta biyun da ke gefe, ka zare wuyan, ka cire zobe na milimita 5 daga ƙasa ka mayar da shi sama. Wannan ya isa ga ƙarin milimita 10. In 20 ka ƙara, cire 10. Wajen mayarwa, notin murfin sama ake fara ɗaurewa, kaɗan, iya yadda boris zai daina wasa. Sannan a daidaita kan keken da taya, sannan a ɗaure na gefe, galibi Nm 5 a sufana mai auna ƙarfin ɗauri, lambar tana rubuce a jikin wuyan. Kama birkin gaba ka girgiza keken gaba da baya da yatsanka a bakin boris. In ka ji ƙwas-ƙwas, sake.

Hattara: kada ka yanke bututun fok da ya yi saura a saman wuyan sai ka yi wata guda kana hawa. Abin da aka yanke ba ya dawowa.

Sirdi ma ya ɗan kalli sama ya koma baya. Sunkuyar da hancinsa kaɗan, ka turo shi gaba da milimita 5.

Wanda ya rage tafiya, nasa akasin haka ne: kan keke ya sauka, sai a ƙara zobe a ƙasa in akwai sauran bututu, in babu a nemi kan keke mai tashi. Ya kuma sa a ransa cewa feda ta matso ƙasa, dutsen da take tsallakewa a da yanzu za ta iya ɗaukarsa.

Mataki na 3: Tokin na farawa

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya mayar da fok ɗin abokina taɓarya. Faɗin ɗakin iska na sama bai canza ba da ka canza shaf, amma yanzu fistin yana shiga cikinsa da nisa fiye da da. Iskar tana matsuwa fiye da yadda ta saba, ƙarshen tafiyar ya yi tauri. Don haka ne za ka ga a jadawalin kamfanoni, samfuri ɗaya mai gajeriyar tafiya yana fitowa da tokin da yawa, mai doguwa da kaɗan ko babu. In ka ƙara tafiya ka bar tsofaffin tokin, ka biya kuɗin milimita 10 da ba za ka taɓa shiga ba. In ka rage tafiya ba ka ƙara tokin ba, fok zai riƙa kaiwa ƙarshe a banza.

Nemo littafin samfurinka da shekararsa, ka duba adadin da aka rubuta wa sabuwar tafiyar, da shi za ka fara. In ba ka samu ba, cire ɗaya a duk ƙarin milimita 10, ƙara ɗaya a duk ragin 10.

Iska tana sauke tun mataki na 1, amma sake danna bawul ka tabbatar. Goge kewayen murfin da tsumma mai tsabta, don ƙwayar yashi ɗaya in ta faɗa ciki za ta karce sandar. Danne soket da tafin hannu ɗaya kana juyawa da ɗayan. Na Fox zamewa suke yi su maƙale da juna a ƙasan murfin, na RockShox murɗa su ake yi, a ƙarasa da alanki lamba 8. Mayar da murfin da yatsu tukuna har ya zauna, sannan sufana: Nm 24.8 a Fox, a RockShox kuma lambar da ke littafin samfurinka.

Hattara: kada a taɓa buɗe murfin da iska a ciki, zai iya tashi ya same ka a fuska. Kuma kada ka wuce iyakar tokin da aka rubuta wa sabuwar tafiyar, wadda ta fi ta da ƙanƙanta in ƙari ka yi. Fistin zai iya dukansu daga ciki.

Mataki na 4: Iska da sag

Kafin komai, buɗe shuɗin maɓallin da ke saman sandar dama gaba ɗaya, wato juya shi hagu har ya tsaya. In akwai makulli, a buɗe shi.

Lambar farawa tana kan sitikar da ke bayan kube, gwargwadon nauyinka. Nauyin da ake nufi har da hular kwano, takalmi, ruwa da jakar da kake goyawa. In ka sa lambar fok ɗinka a manhajar TrailHead ta RockShox ko a shafin Fox, ka tuna tafiyar da ya fito da ita daga masana'anta suka sani, ba su san ka canza ba. A bisa al'ada, wanda ya ƙara tafiya zai ƙare da iskar da ta gaza ta da da psi kaɗan, wanda ya rage kuma zai ƙara.

Zuba psi 30 zuwa 40, ka tsaya ka danna fok ɗin a hankali sau biyar zuwa goma, ya wuce rubu'in tafiyarsa, don iska ta ratsa lotsin nan ta cika ɗakin ƙasa. Za ka ga agogo ya sauka, haka ake so. Ƙara, danna, ƙara, danna, har ka kai lambarka kuma ta daina sauka. Ƙarar da kake ji wajen cire famfo iskar tiyo ce, fok bai yi asarar komai ba. In ka sake ɗaurawa ka ga lambar ta ragu da psi kaɗan, tiyon ne ya sha, kada ka ce fok na yoyo.

Yanzu awo. Sa kayan hawanka duka. Aboki ya tsaya a gaba ya riƙe kan keken ba tare da ya danna ko ya ɗaga ba. Hau ka miƙe a kan feda, gwiwa da gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, haɓarka a saman wuyan keke, yadda kake tsayawa a gangara. Yi lilo sau uku, ka natsu. Aboki ya tura zoben roba ƙasa ya taɓa robar share ƙura. Sauka ta baya a hankali, kada ka kama birki, kada ka jingina a kan keken. Auna daga robar zuwa zoben.

Abin da ake nema kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ne na sabuwar tafiyar. A 130, milimita 20 zuwa 26 ke nan. A 140, 21 zuwa 28. A 150, 23 zuwa 30. A 160, 24 zuwa 32. A 170, 26 zuwa 34. Mai gudu a gangara mai tsauri ya tsaya kusa da ƙaramar lambar, mai son laushi a doguwar hanya ya matsa ga babbar. Gyara da psi 5 in ka yi nisa, da 2 in ka kusa, kuma kowane gyara a sake danna fok kafin a auna.

Auna sau uku ka ɗauki tsakiya. Robobin fok suna da ɗan riƙo, ga shi a karkace yake tsaye, don haka bambancin milimita 3 tsakanin awo da awo ba abin mamaki ba ne. A ganina sag na gaba ƙofar shiga ce kawai. Lambar psi ita ce za ka rubuta ka riƙe.

Hattara: wasu RockShox suna da layukan sag a zane a jikin sanda, kowane jeri da tafiyarsa. In babu jerin sabuwar tafiyarka, manta da su ka ɗauki rula. Kuma kada ka wuce iyakar iskar da ke kan sitika. A Fox 36, alal misali, psi 120 ce.

Mataki na 5: Saurin dawowa

Jan maɓallin da ke ƙasan ƙafar dama shi ke riƙe saurin miƙewar fok bayan ya nitse. A RockShox da yawa za ka ga zanen kunkuru a gefe ɗaya, mai kama da zomo a ɗaya gefen, ba sai an yi maka fassara ba. Iska ce ke tura fok ya dawo, saboda haka duk sanda ta canza, wannan ma sai ya canza. Ka rage iska, dawowa ta yi sanyi, sai ka buɗe kilik ɗaya ko biyu. Ka ƙara iska, sai ka rufe.

Kullum daga rufe ake ƙirga. Murɗa shi kamar kana ɗaure noti har ya tsaya, da yatsu biyu, ban da ƙarfi, don allura ce siririya a ciki. Sannan ka dawo kana ƙirga kilik har adadin da jadawali ya ba iskarka.

Gwajin tsakar gida: tsaya a gefen keken, ɗora tafukanka a buɗe a kan keken, danna da ƙarfi, ka janye hannu farat ɗaya. In tayar ta yi tsalle ta bar ƙasa, ya yi sauri, rufe kilik ɗaya. In kana iya bin miƙewarsa da ido a natse, ya yi sanyi. Wurin da ake so shi ne kilik ɗaya kafin tayar ta fara barin ƙasa.

Kuskuren da na fi gani shi ne rufewa da yawa, don a tsaye fok mai sanyin dawowa yana kama da mai tsada. A kan jerin duwatsu kuwa bai gama miƙewa daga na farko ba na biyu ya same shi, na uku ya ƙara tura shi, kafin na shida yana can ƙasa inda iska ta fi tauri. Hannu ya yi tsami, mai keke ya ce fok ya yi tauri, ya rage iska, abin ya ƙara lalacewa. Garin gyaran gira an rasa ido.

Masu Fox GRIP2 suna da jan maɓalli biyu, babba mai kilik 8 na dawowa daga nitso mai zurfi, ƙarami mai 16. Sa babban inda jadawali ya ce ka ƙyale shi, ka yi aiki da ƙaramin.

Mataki na 6: Gwaji a hanya

Zaɓi gajeriyar gangara da ka sani kamar tafin hannunka, ta minti ɗaya, mai jerin duwatsu, kwana ɗaya mai buƙatar birki, da ɗan tsalle ko gargada mai zurfi. Famfo da littafi a jaka. Kafin kowace sauka tura zoben roba ƙasa. Abu ɗaya ake canzawa a sauka ɗaya, kuma a canza shi sosai yadda za a ji, kilik biyu ko psi 4, in ya wuce a dawo rabi. Iskar taya ta zama ɗaya a duk gwajin.

Bayan saukar da ka yi da gaske, dubi zoben ka gwada da lambar ƙarshen tafiya da ka rubuta a mataki na 1. Saura milimita 5 zuwa 10 daidai ne, ajiya ce ta ranar da ka yi kuskure. In sag daidai ne amma saura 25 ko 30 a hanya mafi wuya da kake bi, cire tokin ɗaya. In sag daidai ne amma kana jin dukan ƙarshe sau da yawa, ƙara ɗaya. Duk sanda ka taɓa tokin, mayar da psi ɗin da ka rubuta.

Akwai alama ɗaya da ke ruɗin mutane. Ka kama birki a gangara, gaba ya dulmiya, ka ji kamar za ka wuce ta saman kan keken. Wanda ya ƙara tafiya ya fi haɗuwa da wannan, don yanzu akwai ƙarin wurin dulmiya. Sai ya ruga ya ƙara tokin. Tokin kuwa aikinsa a kashi ɗaya cikin uku na ƙarshen tafiya yake, dulmiyar birki a tsakiya take faruwa. Ƙara psi 3 zuwa 5 tukuna. In hakan ya hana ka kaiwa ƙarshen tafiya, cire tokin ɗaya ka bar iskar. Iska da ɗan yawa da tokin kaɗan ya fi riƙe mutum a gangara fiye da iska kaɗan da tokin cunkus, kuma ni a nan na tsaya da nawa: psi 4 sama da jadawali, tokin ɗaya ƙasa da wanda na fara da shi.

Kada ka sa wa kanka dole sai zobe ya kai ƙarshe a kowace fita. Hanya mai sauƙi ba ta cin tafiya duka.

Mataki na 7: Shuɗin maɓalli

Sai iska, tokin da dawowa sun zauna ake zuwa nan. Mai rubutun LSC yana riƙe nitsewar da nauyin jikinka ke jawowa, wajen birki, kwana da miƙewa a kan feda. Rufe kilik biyu-biyu daga buɗe har gaba ya daina sunkuyawa da wuri. In ƙananan tsakuwa sun fara zuwa maka a tafin hannu, ka wuce, koma baya. Mai rubutun HSC na duka mai kaifi ne, kamar bakin dutse ko saukar tsalle. Bar shi a buɗe ko kilik ɗaya zuwa biyu, sai in kana dukan ƙarshe a manyan sauka kawai kuma ba ka son ƙara tokin. A RockShox mai Charger 3 sifili yana tsakiya, daga nan ake farawa a ƙara ko a rage.

Mataki na 8: Shok na baya

In kekenka mai shok ne a baya, sake auna sag ɗinsa a zaune, kashi 25 zuwa 30. Dogon fok yana tura masa ƙarin nauyi, wataƙila ya nemi psi 5. Sannan a fili mai laushi ka miƙe a kan feda ka danna keken duka da ƙafa da hannu lokaci ɗaya. Gaba da baya su nitse tare su dawo tare. In dole ɗaya ya riga ɗaya dawowa, gaba ya riga.

Zafi, tudu da ƙura

Iskar fok tana bin yanayi. A fok mai psi 80, duk digiri 10 na zafi yana ƙara kusan psi 3. Saitin da ka yi da sanyin safiyar hunturu a Jos ba shi za ka samu da azahar ɗin watan Afrilu a Kano ba, don haka ka auna iska a wurin hawa, keken a inuwa, kuma ka rubuta yanayin a gefen lambar. Cikin kube ma iska na taruwa, musamman in an rufe fok a gari mai ƙasa kamar Legas aka hau da shi tudun Jos, mai tsayin kusan mita 1,200. Fox 36 da 38 daga zubin 2021, da manyan RockShox na 2023, suna da 'yan maɓallai biyu a bayan kube. Fok a miƙe, danna kowanne ka ji fss.

Ƙurar hunturu kuma tana shanye man da ke jiƙa robobin, fok ya fara riƙewa, duk lambobinka su koma ƙarya. RockShox ta ce a canza man kube duk awa 50 na hawa, Fox ta ce a yi cikakken sabis duk awa 125 ko shekara guda. A ƙurarmu ni ba na jira ya kai. Bayan fita biyu ta farko da sabon shaf, sake auna sandar da ke waje, ka duba notunan ƙasan kube ko akwai alamar mai, ka sake girgiza wuyan da birki a kame.